Aljihu a Hannun Dama

Shekara ashirin da huɗu Inna tana riƙe da wata magana a cikinta, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko yayarta da suke uwa ɗaya uba ɗaya. Maganar kuwa ita ce, mutumin da ke cikin hoton mijinta, ita dai ba ta gane shi ba.

Hoto ɗaya tak marigayin ya bari. Ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, baƙi da fari, daga ƙirji zuwa hula. Ya ɗauka ne kwana kaɗan kafin ciwon da ya tafi da shi, lokacin tana da tsohon cikin Auta, kuma ba a karɓo shi daga shago ba sai bayan rasuwa. Ƙaninsa ne ya je ya amso. Ranar da aka kawo, gida cike da masu gaisuwa, hoton ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa na cewa shi ne sak, kamar ka kira shi ya amsa. Da ya iso hannunta ta duba, ta ƙara dubawa. Hancin nasa ne, idanun nasa ne, kunnuwan nan masu ɗan buɗewa nasa ne. Amma da ta haɗa su wuri ɗaya, sai ta ga wani mutum daban, kamar wani danginsa na nesa da ya ari rigarsa. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta miƙa wa ta gefenta.

Da farko ta ɗauka zafin mutuwa ne. Da shekaru suka ja, sai tsoro ya shige ta. To in hoton ne mai gaskiya fa? Injin ɗaukar hoto ai ba ya mantuwa, kan mutum ne ke mantuwa. A ce mace ta yi shekara goma sha ɗaya da miji, ta haifa masa huɗu, sannan kamanninsa su zube mata kamar ruwa a kwando? Wannan abin kunya ne da ba ta da bakin faɗa. Shi ya sa duk sanda Auta ta tambaye ta yaya babanta yake, sai ta ce mutumin kirki ne, gyaran rediyo yake yi, ba ya wasa da sallah, ki yi masa addu'a. Daga nan sai ta taka keken ɗinkinta da ƙarfi, maganar ta mutu.

Ita kuwa Auta tun tana 'yar shekara bakwai ta ƙwace hoton ya zama nata. A cikin littafin makaranta take ajiye shi, daga baya ya koma cikin jakarta. Yanzu ga ta ta zama ma'aikaciyar asibiti, tana ɗakin mijinta, har da goyo. Wata ranar Asabar ta zo gida ta tarar da Inna na yankan yadi, ta zauna a bakin tabarma ta ce tana so a zana mata babanta babba, da fenti, don ɗanta ya tashi ya san kakansa. Ta ce a bayan hoton akwai hatimin shagon da aka ɗauka, ta bi sawu har ta gano mai shagon. Yana nan da ransa, ya bar ɗaukar hoto, yanzu zane yake yi, har a manyan garuruwa ake baje aikinsa mutane su zo kallo.

Inna ta ce to madalla, ita dai ta san ba ta rataya hoto a ɗakin da take sallah, amma gidan Auta na Auta ne.

Auta ta ce ai ba a nan take ba. Mai zanen yana da doka. Ba ya sa fenti a hoton mamaci sai wanda ya zauna da shi da rai ya zo ya ga zanen gawayi tukuna, ya ce shi ne ko ba shi ba ne. Ƙanin baban ya rasu, yayyenta kuwa babbansu shekara tara yake da ita lokacin. Saura Inna.

Almakashi ya tsaya a hannun Inna. Ta ce ɗinki ya yi mata yawa. Auta ta ce za ta jira. Ta ce ƙafarta na ciwo. Auta ta ce za ta kawo mota har ƙofa, in ya so ta duba mata ƙafar ma, ai aikinta ne. Kwana uku Inna tana juya abin. In ta ce shi ne, ta yi ƙarya a kan mamaci, ga ta da furfura. In ta ce ba shi ba ne, za a tambaye ta ina ne ba shi ba, ita kuwa ba ta sani ba. Ranar Laraba ta yafa mayafi, ta ce Allah ya fid da ita kunya, suka tafi.

Ɗakin aikin a saman bene yake, kan wani shagon sayar da tayoyi. Tun daga matakala warin fenti da kananzir ya tare su. Ɗaki ne dogo, taga uku a jere, ƙasa duk ɗigon launi kamar kaji sun yi yawo da fenti a ƙafa. Gwangwanayen madara cike da buroshi, guntayen gawayi a faranti, tsummoki, wata tsohuwar kyamara mai ƙafa uku an rataya mata hula. Mai Zane dattijo ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare a wuya, yatsunsa baƙi ƙirin. Ya ce sannu da zuwa Hajiya. Inna ta ce ba ta je ba tukuna, amma ya ci gaba da kira, ko Allah zai sa a dace.

Ta zo da niyyar ta zauna ta kame bakinta, amma bangon bai bar ta ba. Mutane ne ko'ina. Ga wata mata ta juya baya tana ɗaura zani, ga wani tsoho yana barci a kan benci bakinsa buɗe, ga makanike rabin jikinsa a ƙarƙashin mota, ga takarda guda babu komai a kai sai hannaye, wasu na ƙulla leda, wasu na riƙe da kofi. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, hannunta a baya. Ta tsaya gaban matar mai zani ta daɗe, ta ce wannan zanin an sha wanke shi, dubi yadda ya saki. Mai Zane ya ji daɗi har ya cire gilashi ya goge. Ta tambaye shi ko akwai mai hankalin da zai sayi hoton ƙeyar mutum. Ya ce wannan ma an riga an saya, jira yake a zo a ɗauka. Ta ce Allah mai iko, kowa da abin da ke cin kuɗinsa.

Da yake ta tambaya, sai ya ba ta labarinsa a taƙaice. Ya ce tun yana yaro yake zana mutane a tashar mota da gawayin masu shayi, yana shan duka a gida saboda bango. Da ya girma ya shiga rubuta allunan shaguna, yana zana kawunan aski a shagon wanzamai da kifi a shagon masu kifi. Daga nan wani mai hoto ya ɗauke shi ya zana masa labulen da ake tsayawa a gabansa, sai ya liƙe a wurin har ya koyi ɗauka da wankewa, ya buɗe nasa. Shekara ashirin yana cewa mutane su ɗaga haɓa. Da waya ta zo kowa ya zama mai hoto, sai ya rufe shago ya koma wa gawayinsa. Ya ce hoto ya koya masa haske, amma zane ne ya koya masa kallo.

Inna ta ce to shi da bai san mutum ba, yaya yake fitar da kamanninsa daga abu kamar tambarin wasiƙa? Ya nuna mata. Ya shimfiɗa wata farar leda mai ƙananan gidaje a kan hoton, ya ja gidaje irinsu manya a babbar takarda, sai ya ɗauki gilashin ƙara girma yana bi gida-gida. Abin da ya gani a gida na bakwai, shi zai sa a gida na bakwai. Ya ce ba ya yarda da idonsa, don ido yana son ya gyara wa mutum fuska. Inna ta ce kamar dai yadda take fitar da rigar babba daga ta yaro. Ya ce haka ne, ashe abokiyar sana'a ce.

Auta dai ta gaji da jira, tana ta jijjiga goyo. Ta ce, “Baba, a buɗe mana mana. Inna in ta fara tambaya sai la'asar.”

Ya je ya yaye ƙyallen da ya rufe allon.

Ga mutumin nan, ya kai girman mutum. Baƙon nan dai na cikin hoto, yanzu ya ƙara fitowa fili, yana kallonta. Auta ta dafe ƙirji ta ce wallahi shi ne, idonta ya kawo ruwa. Mai Zane bai kula ta ba, Inna yake kallo. Ya ja mata kujera, ya ce ta zauna ta duba a tsanake, ba sauri.

Ta zauna. Fuskar ta gagare ta kallo, sai idonta ya gudu inda ya saba, wato kan riga. Ita ta ɗinka rigar nan. Farin yadi ne mai ɗan kauri, ta tuna har allura biyu ya karya mata. Ta bi wuyan, daidai. Ta bi maɓallai uku, daidai. Ta gangaro ƙirji, sai ta tsaya. Ta karkata kai. Ta ɗaga hannunta ta dafa nata ƙirjin, ta sauke, ta sake dafawa.

“Malam, wa ya ce ka mayar masa da aljihu dama?”

Mai Zane ya ce shi bai mayar da komai ko'ina ba. A hoton farin rigar ya cinye aljihun, ba a ganinsa da ido, amma da gilashi akwai ɗan layi da kan biro, kuma inda ya gan shi nan ya sa shi.

Inna ta ce to ya sake dubawa. Shekararta arba'in a kan keke, ba ta taɓa ɗora wa namiji aljihun ƙirji a dama ba, ko tana zazzaɓi. Mutum da hannun dama zai ɗauki biro, yaya zai yi, ya naɗe hannu kamar fiffiken kaza? Auta ta ce haba Inna, an kawo ki ki duba fuska kin tsaya faɗa a kan aljihu, ƙila ranar kuskure kika yi. Inna ta juyo ta kalle ta, ta ce ita da ke cikin ciki a lokacin ta yi shiru, manya na magana.

Mai Zane ya miƙa mata gilashin da hoton. Ta kai kusa da taga, ta rufe ido ɗaya. Ga layin, ga kan biron, a dama. Ta sauke gilashin. Wato har ɗinkin hannunta ma ta manta? Amma a'a. Fuska tana iya ɓace mata, wannan ta yarda. Aljihu kuwa hannunta ne ya sani, ba kanta ba. Ta ce ita dai ba ta san yadda aka yi ba, amma ko gaban alƙali za ta maimaita, a hagu ta ɗinka shi.

Dattijon ya murza gemu, har ya shafa wa kansa gawayi. Ya karɓi hoton ya ƙura masa ido, ba kan mutumin ba, bayansa. Sai ya ajiye, ya nufi ƙarshen ɗakin, ya fara janye alluna da kwalaye. Ya jawo wani dogon abu a naɗe kamar darduma, ya kwance igiyar, ya shimfiɗa a ƙasa. Ƙura ta tashi, jaririn ya yi atishawa. Labule ne, fentinsa ya tsattsage. An zana falo a jiki, da tukunyar furanni, da taga mai labule ja.

Ya ce wannan shi ne labulen shagonsa, da hannunsa ya zana, kowa a gabansa yake tsayawa. Ya ce su duba tagar, a wane gefe take? Suka ce ga ta nan a wannan gefen. Ya ɗora hoton a kai. A bayan kafaɗar marigayin ana ganin ɗan kusurwar tagar, amma a ɗaya gefen.

Ya zauna a kan wani kwali. Ya ce fim ɗin da ake wanke hoto da shi yana da gaba da baya, gefe ɗaya na sheƙi, ɗaya ba ya yi. A ɗakin wanki babu haske sai 'yar jar fitila, da yatsa ake ganewa. In mutum ya kifa shi, hoto zai fito lafiya lau, sai dai dama ta koma hagu, hagu ta koma dama. Yawanci mai hoto zai dawo ya yi ƙorafi a sake masa. Wannan mai hoton bai samu dawowa ba.

“Hajiya, ɗinkinki daidai yake. Ni na juya miki miji.”

Inna ta ce to in an juya, sai me? Ba dai shi ɗin ne ba? Ya ce a'a. Babu fuskar da gefenta biyu suke daidai, ya zana dubbai bai ga ko ɗaya ba. Kowa akwai idon da ya ɗan fi wani, akwai gefen da baki ya fi ja. Wanda ke gaisawa da mutum a hanya ba zai lura ba. Sai wanda ya daɗe yana kallonsa kusa.

Ya tashi ya ciro madubin da ke rataye kusa da ƙofa, ya goge shi da gefen rigarsa. Ya ce ta juya wa zanen baya. Ya tsaya a gabanta da madubin, yana karkata shi a hankali har allon ya shigo ciki.

Ba ta shirya ba. Ga shi nan kawai. Ga girar nan da ke ɗagawa kamar zai tambaye ta ina ta ajiye masa abu. Ga bakin nan da ya ja gefe, yadda yake yi in ya ɓoye dariya don kada ta ce ya raina girkinta. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe bakin kujera da hannu biyu, ta yi salati a hankali, ta yi ta kallo har dattijon ya gaji da nauyin madubin.

Ta ce, “Shi ne. Wannan shi ne.”

Auta ta zagayo ta leƙa ta kan kafaɗarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ita fa wannan bai yi mata kama da babanta ba, kamar an karkatar masa da fuska. Inna ta ce yanzu kin ji abin da na ji shekara ashirin da huɗu. Maganar ta fita kafin ta tare ta. Auta ta ce wace shekara ashirin da huɗu? Sai Inna ta faɗa mata duka, a gaban bare, a taƙaice kamar mai ba da saƙo. Ta ce tun ranar farko ba ta gane shi a hoton ba, ta ɗauka ita ce ta manta shi, kunya ta hana ta faɗa.

Mai Zane ya jingine madubin, ya nemi gafara. Inna ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, wanda ke aiki a duhu ai dole wata rana ya kifa wani abu, ita ma ta taɓa ɗinka hannun riga a bai-bai da rana tsaka. Ya ce to yanzu wanne zai sa wa fenti? Aikin na Auta ne, ita ta kawo. In tana son wanda ta saba da shi, ga shi a shirye. In na madubi ne, sai ya sake jan gidaje daga farko.

Auta ta kalli allon, ta kalli ɗan hoton da ya sha hannunta har gefensa ya lanƙwashe. Ta ce wannan ta sani, da shi ta yi ta hira tun tana yarinya. Inna ta bar mata zaɓin, ko da yake maganar na cin ta. Can Auta ta mayar da hoton cikin jaka, ta ce ƙaramin nata ne, ba mai taɓa mata shi. Babban kuwa a yi shi yadda Allah ya halicci mutumin, tunda don yaro ake yi, kada shi ma ya tashi da kakan da ba a taɓa yi ba. Mai Zane ya ce to da sharaɗi, Hajiya za ta riƙa zuwa tana duba masa, don ya ga alama idonta ya fi gilashinsa. Inna ta ce ranar Laraba ba ta da yanka da yawa. Ta ƙara da cewa tun yanzu ya sani, wuyan ya yi kauri, mutumin bai taɓa yin ƙiba ba.

Suna saukowa daga bene, Auta a gaba da goyo, Inna na bin matakala ɗaya-ɗaya, sai Auta ta tambaya ba tare da ta juyo ba, wai ban da wuya, me kuma hoton bai faɗa ba?

Inna ta ce da yawa. Ta ce muryarsa siririya ce, in ya yi sallama daga waje sai baƙi su ɗauka yaro ne. Ta ce ba ya iya cin abinci sai da rediyo a buɗe a gabansa, hanjinta a waje, har ta taɓa tsintar ƙaramar ƙusa a cikin miya. Ta ce in zai fita sai ya dawo sau biyu, ko ya manta hula ko ya manta abin da ya dawo ɗauka.

“Kuma gajere ne.”

Auta ta tsaya cak a tsakiyar matakala. “Gajere? Inna, ni duk rayuwata dogo nake ganinsa.”

“Ina fa. Da kaɗan ya wuce kafaɗata. Ke kina ganin gajartar nan taki daga sama ta faɗo? Wuce mu tafi, kin tare hanya, sauran sai a mota.”